Riga Mai Jan Zare

Ranar kasuwa na sauka mashigin Gande
da biro biyu, da kundin da damina ta kumbura,
da 'yar guduma ta jin muryar katako.
Gulbi ya cika ya batse,
ya ci shinkafar fadama har wuya.

Jirage shida ne na Alhaji Mainasara.
A takarda kowannensu ango ne:
inji lafiya, igiya lafiya, bokitin kwalfe biyu,
rigunan ruwa arba'in-arba'in.
Takarda ba ta taɓa shan ruwa ta ƙware ba,
shi ya sa ba ta jin tsoro.

Na durƙusa na ƙwanƙwasa cikin na farko.
Katako mai lafiya yakan amsa sallama da ƙarfi,
wannan tarin tsoho ya yi mini.
An cusa tsumma a tsaga, an danne da kwalta,
an bi da shuɗin fenti mai ƙyalli.
Jan layin da na ja bara, iyakar lodi,
ya hau sama da taki guda.
Ban san layi na da ƙafa ba.

Na ƙirga riguna, arba'in cif.
Ɗaya na da ɗinki a kafaɗa,
jan zare, karkatacce, aikin mai sauri.
Jirgi na biyu, arba'in. Ga jan zare.
Na uku, arba'in, ga shi kuma,
da ɗumin bayan yaron da ya zagayo da su
ta bayan rumfar mai tuwon madara.
Yana haki. Ya kasa ɗaga ido.

Jabbi matuƙi ya tofar da goro ya ce,
“Malam Arzika, shekarata talatin bisa gulbin ga.
Ruwa ba su cin wanda kwananai ba su ƙare ba.”
Na ce, gaskiyarka, Jabbi.
Amma jiya da dare wa ya ɗaure jirginka a turke?
Ban ga ka bar wa ƙaddara igiyar ba.

Aka kawo ƙunshin busasshen kifi, a kai wa yara.
Na ɗaga, ya fi kifi nauyi.
Na mayar da shi yadda ya zo.

Biyar na ɗaure. Ɗaya na saki, wanda ya amsa guduma,
mutum arba'in, riga arba'in, babu na tsaye, babu babur a tsakiya.
Ya je ya dawo, ya je ya dawo,
rana ta take tsaka, layi bai ragu ba.
Inno mai albasa, buhu tara a gabanta,
ta nuna ni da baki, ta haɗa ni da Allah.
Wani ya ce ba na son talaka ya ci abinci.
Wani ya tambayi nawa ne farashina.
Na tsaya cikin laka ina ƙirga kawuna
kamar makiyayi a ƙofar garke.

Da la'asar sakaliya aka gama ƙetarawa.
Albasar Inno ta faɗi, na ji labari,
kuma ba ƙarya ta yi ba, ni ne sila.

Ba abin da ya faru ran nan.
Ba a tashi Sarkin Ruwa cikin dare ba,
ba a jera takalma marasa masu su a gaɓa ba,
masu gina kabari sun kwana da magirbi a rataye.
Na duba fom ɗin ofis gaba da baya,
babu gurbin da ake rubuta wannan.

A gida Tumba ta zuba mini ruwa a buta,
na kankare laka daga tsakanin yatsu.
Tarin katakon nan bai bar kunnena ba.
Mako mai zuwa Katami za ni,
kuma na san wa zai riga ni isa,
ɗaure a bayan babur, da ɗinki a kafaɗa.